Tsarin rarraba littattafan laburare a intanet

Tsarin rarraba littattafai jadawali ne da ya kasa ilimi zuwa fannoni da rassa, ya ba kowane reshe lamba ko harafi, domin littattafan da suka yi magana a kan abu ɗaya su zauna kusa da juna a kan kantar littattafai. Ma'aikacin da ke shigar da sabon littafi cikin kataloj shi ne yake zaɓa masa lambar da ta dace, wadda daga baya ake liƙa wa a gadon bayansa. A da cikin manyan kundaye na takarda ake neman wannan lamba, amma yanzu akasarin aikin ya koma kan shafukan intanet da hukumomin tsare-tsaren suke kula da su. Uku ne suka fi yaɗuwa a duniya: tsarin Dewey, da na Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, da kuma UDC, wato Universal Decimal Classification.

Asali

Melvil Dewey ya fitar da tsarinsa a 1876, lokacin da yake aiki a laburaren kwalejin Amherst ta Amurka, kuma bugun farko ɗan littafi ne mai shafi 44. Kafin zamaninsa laburare da yawa kan ba littafi lambar gurbin da yake zaune a kanta, ta yadda in littattafai suka ƙaru aka sake jeri sai an sake lambobi. Dewey ya ɗora lambar a kan abin da littafin ya ƙunsa, saboda haka ko an sauya masa ɗaki lambarsa tana nan. Ya kasa ilimi gida goma, daga 000 zuwa 900, kowane gida ya rabu goma, kowanne daga cikinsu ya sake rabuwa goma, bayan lambobi uku kuma sai a sa ɗigo a ci gaba da tsawaitawa gwargwadon buƙata. Ya haɗa da fihirisa wadda take nuna duk wuraren da maudu'i ɗaya ya bayyana a fannoni daban-daban, kuma wannan fihirisa ce har yau ginshiƙin bincike a tsarin.

A 1895 wasu 'yan ƙasar Beljiyam biyu, Paul Otlet da Henri La Fontaine, suka sami izinin Dewey suka faɗaɗa tsarinsa domin tsara bayanan duk abin da aka wallafa a duniya, har da maƙalun mujallu. Aikinsu ya fito da Faransanci wajajen 1905, shi ne ya zama UDC, wanda ya shahara da alamomin haɗa fannoni, kamar ɗigo biyu da ke nuna alaƙar maudu'i biyu da baka biyu da ake saka lambar wuri a ciki. Laburaren Majalisar Dokokin Amurka kuwa, da ya koma sabon gininsa a 1897, ya ga tsohon tsarin da ya gada daga littattafan tsohon shugaban Amurka Thomas Jefferson ba zai ɗauki yawan abin da ya tara ba. J. C. M. Hanson da Charles Martel suka jagoranci ƙirƙirar sabo, suna ɗaukar darasi daga tsarin wani masanin laburare mai suna Charles Cutter, aka riƙa fitar da shi kashi-kashi tun farkon ƙarni na 20. Yana da manyan rukunai 21 da aka ba haruffa, kuma an gina shi ne bisa littattafan da ke hannun laburaren, shi ya sa wasu fannoni suka fi wasu faɗi nesa ba kusa ba.

Daga takarda zuwa kwamfuta

Matsalar bugun takarda ita ce tsufa. Tsakanin bugu da bugu akan ɗauki shekaru, ilimi kuwa ba ya jira, sai ma'aikata su riƙa rubuta gyare-gyare da hannu a gefen shafi. OCLC, wata ƙungiyar haɗin gwiwar laburare da ke Amurka, ta sayi kamfanin da ke buga Dewey a 1988, a 1993 tsarin ya fito a faifan CD, sannan a farkon shekarun 2000 aka buɗe WebDewey a intanet. Bugu na 23, mai mujalladi huɗu, ya fito a 2011, kuma tun daga nan shafin intanet ne ake ɗauka a matsayin ingantaccen matani, domin a can gyara yake fara bayyana. Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya buɗe Classification Web a 2002, daga baya ya daina buga jadawalinsa a takarda ya sanya su kyauta a matsayin fayil ɗin PDF. UDC tana hannun wata haɗaka mai ofis a birnin Hague tun 1992, tana da cikakken tsari na biyan kuɗi da kuma taƙaitaccen sashe na kyauta a harsuna da dama.

Bincike da bin rassa

Hanya biyu ce ake shiga waɗannan shafuka. Ta farko ita ce a rubuta kalma ko lamba a akwatin bincike, a zaɓi inda za a nema: cikin fihirisa, ko cikin kanun rassa, ko cikin bayanan da ke ƙarƙashinsu. Ta biyu ita ce a faro daga babban rukuni a riƙa gangarowa reshe bayan reshe, misali daga 600 na fasaha zuwa 630 na noma, zuwa 636 na kiwon dabbobi, zuwa 636.1 na dawaki.

Ƙwararru ba sa wadatuwa da hanya ɗaya, kuma dalilin yana cikin ginin tsarin kansa. Dewey bisa fanni yake rarraba littafi, saboda haka wanda ya nemi doki zai tarar da shi a 636.1 in littafin na kiwo ne, a cikin 599 in nazarin halittarsa ne a matsayin dabba mai shayarwa, a 798.4 kuma in tseren dawaki ne. Bincike yana zubo duk waɗannan a jere, amma ba ya faɗin wadda ta dace da littafin da ke kan tebur. Dole ma'aikaci ya buɗe lambar ya dubi abin da ke samanta, domin umarnin da aka rubuta a babban reshe yana hawa kan dukkan ƙananan rassansa ko da ba a maimaita shi ba. A nan ne ake samun bayanan da ke cewa a saka kaza a wannan wuri, kaza kuma a kai shi wata lambar, da ƙa'idojin littafin da ya haɗa maudu'i biyu ko uku. Wanda ya kwafi lamba daga sakamakon bincike kai tsaye yakan tsallake duk wannan, kuma kuskuren ba ya bayyana sai ranar da mai karatu ya je kanta ya rasa littafin a cikin 'yan uwansa.

Gina lamba

Yawancin lambobin Dewey da ake gani a kan littattafai ba a rubuce suke a jadawali ba, haɗa su ake yi. Akwai ƙananan jadawali shida na ƙari, na farko ya ƙunshi siffar littafi, na biyu wurare da zamuna, sauran kuma adabi da harsuna da al'ummomi. Ƙamus na likitanci yana samun 610.3 ta hanyar haɗa lambar likitanci da alamar ƙamus, hulɗar Faransa da ƙasashen waje kuma tana samun 327.44 saboda 44 ita ce alamar Faransa a jadawali na biyu. WebDewey yana ɗauke da dubban lambobin da aka riga aka gina, yana da abin da ke bi da ma'aikaci mataki-mataki wajen gina sabuwa, yana kuma ba laburare damar ajiye nasa bayanin a ƙarƙashin lamba domin ma'aikatansa su bi tafarki ɗaya. Classification Web yana iya lissafo lambar ƙarshe daga jadawalin ƙari da kansa, yana kuma nuna lambobin da aka saba haɗawa da wani kan maudu'i a tsofaffin bayanan kataloj. Lambar da aka zaɓa ana shigar da ita a bayanin MARC na littafin, wato bayanin kataloj da kwamfuta ke iya karantawa: fili na 082 na Dewey ne, 050 na Laburaren Majalisa, 080 na UDC.

Suka

An daɗe ana sukar Dewey da cewa ya ba addinin Kirista daga 220 zuwa 280, ya cusa sauran addinai cikin 290, inda Musulunci yake a 297. Editoci sun faɗaɗa wasu sassan sun kuma samar da wani jeri na zaɓi, sai dai sauya lambobi yana nufin sake liƙa wa littattafai masu yawan gaske, don haka laburare da dama suka tsaya a kan tsohon jerin. Kuɗin rajistar shekara ma yana hana ƙananan laburare shiga cikakkun shafukan, sai su dogara da tsohon bugu ko lambobin da wasu suka riga suka sanya.