Gasar Kofin Ƙwallon Kwando ta ACC

Gasar kofin ACC gasa ce ta sili-ɗaya-ƙwale da ƙungiyoyin ƙwallon kwando na maza na jami'o'in gamayyar Atlantic Coast Conference ke bugawa duk watan Maris a Amurka. Wanda ya ɗauki kofin shi ne zakaran gamayyar a hukumance, ko da wata ƙungiya ce ta ƙare kakar wasa a saman tebur, kuma shi ke samun gurbi kai tsaye a gasar ƙasa ta NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka.

An kafa gamayyar a 1953, lokacin da jami'o'i bakwai suka ɓalle daga Southern Conference: Clemson, Duke, Maryland, North Carolina, NC State, South Carolina da Wake Forest. Virginia ta biyo su kafin shekarar ta ƙare. An buga gasar farko a 1954 a zauren Reynolds da ke Raleigh, gidan NC State, kuma a nan aka ci gaba da yin ta har 1966. NC State ce ta lashe uku na farko a jere a ƙarƙashin koci Everett Case, wanda ake ba da kyautar gwarzon ɗan wasan gasar da sunansa. Daga baya Greensboro ta zama garin da ya fi karɓar baƙuncinta.

Abin da ya sa gasar ta yi zafi a shekarun farko shi ne dokar NCAA ta lokacin: kowace gamayya ƙungiya ɗaya tak take aikawa gasar ƙasa. Wahalar wata huɗu kan iya tafiya a banza cikin dare ɗaya. South Carolina ta ɗanɗana wannan a 1970. Ta ci duka wasanninta 14 na gamayya, amma tauraronta John Roche ya ji rauni a idon sawu, NC State ta doke ta 42–39 a wasan ƙarshe bayan ƙarin lokaci sau biyu.

Wasan ƙarshe na 1974 a Greensboro ne ya fi kowanne tasiri. NC State ce ta ɗaya a ƙasa, Maryland ta huɗu, ga David Thompson da Tom Burleson a gefe guda, ga Len Elmore da Tom McMillen da John Lucas a ɗayan. Burleson ya zuba maki 38, NC State ta yi nasara 103–100 a ƙarin lokaci, ta wuce ta ɗauki kofin ƙasa. Maryland kuwa ta koma gida, ta ma ƙi amsa gayyatar NIT, wata gasa ce da ake gayyatar ƙungiyoyin da ba su je gasar NCAA ba. A 1975 NCAA ta faɗaɗa gasarta zuwa ƙungiyoyi 32, ta kuma yarda gamayya ɗaya ta samu wakili na biyu.

Wata matsalar ita ce jan ƙafa. A wancan zamani babu agogon da ke tilasta jefa ƙwallo, don haka ƙungiyar da ta ga an fi ta ƙarfi sai ta riƙe ƙwallon tana cinye lokaci. Duke ta ci North Carolina 21–20 a 1966. Bayan shekara biyu NC State ta fitar da Duke da 12–10, makin da a yau ake tarawa cikin 'yan mintuna. A wasan ƙarshe na 1982 North Carolina ta riƙe ƙwallo a mintunan ƙarshe ta doke Virginia 47–45, 'yan kallo suka yi ta ƙorafi. Kakar da ta biyo baya ACC ta gwada agogon daƙiƙa 30 da layin maki uku, sannan NCAA ta kafa agogon daƙiƙa 45 ga kowa a kakar 1985–86.

Da mambobi suka ƙaru, tsarin ya sauya. Muddin ƙungiyoyi takwas ne, kwana uku ya isa. A tsarin ƙungiyoyi 15 kuwa wasanni 14 ake bugawa daga Talata zuwa Asabar. Masu matsayi na 10 zuwa 15 ke buɗe fage ranar Talata, na 5 zuwa 9 su shigo Laraba, huɗun farko sai Alhamis suke sa ƙafa a fili. Gajiya ce ke kayar da na ƙasa, domin wanda ya fara Talata sai ya ci wasa biyar cikin kwana biyar. NC State ta yi hakan a 2024 a birnin Washinton, tana matsayi na 10, ta doke North Carolina 84–76 a wasan ƙarshe. Da Stanford da California da SMU suka shigo a shekarar, mambobi suka kai 18, sai aka tsayar cewa ukun da suka ƙare a ƙasan tebur ba za su je gasar 2025 ba.

Zuwa 2025 Duke ce kan gaba da kofi 23, North Carolina na bi mata da 18. Randolph Childress na Wake Forest ya tara maki 107 cikin wasa uku a 1995, ciki har da 37 a wasan ƙarshe. Gasar 2020 ce ba a kammala ba: annobar korona ta sa aka dakatar da ita ana dab da fara zagayen ƙungiyoyi takwas, aka miƙa wa Florida State kofin a matsayinta na wadda ta ƙare kaka a saman tebur.