Masana'antar Sadarwa a Jihar Zamfara: Sana'a da Tattalin Arziki

Masana'antar sadarwa ta ƙunshi kamfanoni da ma'aikatan da ke samar da kiran waya da saƙonni da intanet. A Najeriya, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, wadda aka kafa a 1992, ita ce ke ba da lasisi tare da sa ido a kan kamfanonin. Kafin 2001, lokacin da NITEL, kamfanin tarho na gwamnati, ke riƙe da harkar, layukan tarho a duk faɗin ƙasar ba su kai rabin miliyan ba. A watan Janairun 2001 aka yi gwanjon lasisin wayar salula a kan dala miliyan 285 kowane ɗaya, MTN da Econet suka fara aiki a watan Agusta, Globacom ta biyo baya a 2003. A yau layukan da ke aiki sun haura miliyan 150, kuma ɓangaren yana samar da kaso mai tsoka na arzikin da ƙasa ke samarwa.

Aikin sadarwa hawa-hawa ne. A sama akwai injiniyoyin da ke tsara hanyoyin sabis, sai ƙwararrun da ke hawa turakun sadarwa, suna kula da janareta da batura da farantan hasken rana, suna kuma haɗa wayar intanet ta ƙarƙashin ƙasa idan ta yanke. Mai son wannan mataki yana buƙatar karatun lantarki ko kimiyyar kwamfuta, irin wanda ake samu a kwalejojin kimiyya da fasaha na Kaura Namoda da Talata Mafara, ko a Jami'ar Tarayya ta Gusau, sannan NCC tana da cibiyar horaswa ta DBI mai reshe a Kano. Sai dai manyan ofisoshin kamfanonin suna Legas ne, don haka ɗan Zamfara da ya ƙware sau da yawa sai ya bar gida.

Inda sana'ar ta fi ciyar da jama'ar jihar shi ne mataki na ƙasa: masu gyaran waya, masu sayar da kati da data, masu rajistar layi, masu cajin waya a garuruwan da wuta ba ta tsayawa, da masu POS da suka zama bankin ƙauye. Mafi yawansu a hannun ubangida suka koya, ba a aji ba, kuma jarin farawa bai taka kara ya karya ba. Abin takaici ne yadda ba a cika lissafa su cikin masana'antar ba, alhali ta hannunsu take isa ga talaka.

An ga nauyin wannan harka ƙarara a farkon watan Satumban 2021, sa'ad da NCC ta umarci a katse sabis a duk jihar bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, domin yaƙi da 'yan bindiga. Tura kuɗi ya tsaya cik, masu POS suka rufe rumfuna, ɗan kasuwar hatsi ko dabbobi ya rasa hanyar jin farashi kafin ya ɗora kaya, mutane kuma suka riƙa tafiya jihohi maƙwabta don kiran 'yan uwa kawai. An maido da sabis a Gusau a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomin kuwa sai da suka ƙara jiran makonni.