Waiwaye: Yadda Kogin Kaduna Ya Zama Iyakar Ibada da Neman Abinci

Kwanakin baya na raka ƙanena neman shagon haya. Ya koyi gyaran waya, ya tara ɗan jari, kuma ya ji labarin wani shago mai sauƙin kuɗi a wajen Sabon Tasha, a kudancin kogin Kaduna. Dillalin da muka samu dattijo ne. Ya gama sauraronsa tsaf, sannan ya ce, "Ɗana, kuɗinka sun isa, amma ni ba zan kai ka can ba. In gari ya rikice da yamma, ta ina za ka tsallako gada?" Ƙanena ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka ne, Baba." Na tabbata da wani yaro Kirista ne ya zo neman rumfa a Rigasa, irin amsar da zai samu ke nan daga nasa dattijon.

Babu dokar da ta hana yaron nan kama shago a can. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ba kowa 'yancin bin addinin da ya zaɓa a sashe na 38, da 'yancin zama ko'ina a ƙasar nan a sashe na 41, da na mallakar fili ko gida a ko'ina a sashe na 43. Amma a Kaduna sunanka ne ke nuna maka gefen kogin da za ka kwana, da inda za ka baza hajarka: akasarin Musulmi a arewa, akasarin Kiristoci a kudu.

Tun asali, a ƙasar Hausa addini ne ya fara ba talaka bakin yi wa sarki gardama a kan dukiyarsa. A cikin Kitabul Farƙ, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya jero abubuwan da yake tuhumar sarakunan zamaninsa da su, har da jangali, da kuɗin gari, da kuɗin salla, da ƙwacen kayan mutane a kasuwa. Malamanmu kuma har gobe suna karantar da cewa Allah ya halatta ciniki ya haramta riba, da cewa lokacin da kaya suka yi tsada a Madina aka roƙi Manzon Allah (SAW) ya ƙayyade farashi, bai yi ba, kodayake ya haramta ɓoye kaya don su yi tsada. Da wannan makami 'yan jam'iyyar NEPU suka fito a 1950. Malam Aminu Kano da Malam Sa'adu Zungur da aya da hadisi suke ƙalubalantar zaluncin En'e, wato hukumar mulkin sarakuna, shi ya sa da wuya a ce musu ba su san addini ba. Harajin da suka yaƙa bai faɗi a Kaduna ba sai zamanin Balarabe Musa, wanda ya hau gwamna a 1979.

Sai dai wannan rabin labarin ne, kuma mu Musulmin Kaduna mun fi son ji da shi. Ka tambayi Bajju ko Atyap ko Ham, ƙabilun kudancin jihar, abin da kakanninsa suka gaya masa game da ƙarni na 19, hare-haren kamun bayi daga Zazzau zai fara ambata. Da Turawa suka zo, Lugard ya yi wa Sakkwato alkawari a 1903 cewa ba za a taɓa addini ba, aka taƙaita shigar 'yan mishan biranen sarakuna, amma kuma aka bar ƙasashe da dama na kudu a hannun hakiman da Zazzau ke turawa. A can ne mishan ta kafa makaranta da asibiti. Yaron da ya shiga ajin mishan ya fito malamin makaranta ko akawu ko soja, ya samu albashin da hakimi ba shi da iko a kai. Saboda haka kowane ɓangare yana tuna addininsa a matsayin abin da ya kwance masa mari, yana kuma zargin na maƙwabcinsa da ƙulla masa wani. A ganina duk wanda bai riƙe wannan ba, ba zai fahimci zafin da mutanen jihar nan ke ɗauka a kan maganar addini ba.

Garin Kaduna shi kansa ya taso daban. Turawa ne suka mayar da shi hedikwatar Arewa a 1917 bayan sun baro Zungeru, a ƙasar Gbagyi. Ba shi da ganuwa, ba shi da tsohuwar fada. Jirgin ƙasa da bariki da aikin gwamnati ne suka tara mutanensa. Gab da samun mulkin kai, hukumar Willink ta saurari koken ƙananan ƙabilu, ta ba da shawarar a rubuta haƙƙoƙin ɗan'adam a tsarin mulki, aka kuwa sa su a na 1960. A 1958 gwamnatin Sardauna ta kira masana shari'a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Abu Rannat, kuma daga shawararsu aka samu dokar hukunta laifuka ta final kot da ta hau kan Musulmi da wanda ba Musulmi ba. Taken Jihar Arewa shi ne Aiki da Ibada. Ba wai babu tsoro a lokacin ba: an kafa Jama'atu Nasril Islam a nan Kaduna a 1962, Sardauna ya shiga rangadin musuluntarwa, Kiristocin Arewa kuma suka kafa tasu ƙungiyar a 1964 don kare kansu. Amma akwai abin da ya riƙe gari, shi ne aikin.

An buɗe masaƙar KTL a Kakuri, a kudancin kogin, a 1957, Nortex da Arewa da UNTL suka biyo baya a cikin shekarun 1960. Kamfanin haɗa motocin Peugeot ya zo a 1975, matatar mai a 1980. Mahaifina ma'aikacin ɗaya daga cikin masaƙun nan ne, kuma a Kakuri aka haife ni. Ina tuna lokacin canjin aiki: jiniya ta yi kuka, kekuna su cika titi kamar an fasa gidan tururuwa, masu tuwo da masu ƙosai da masu burodi sun jeru a bakin get, auduga ta maƙale wa mutane a gashin kai da gira. Gidan hayarmu ɗakuna takwas ne, famfo ɗaya. Matar maƙwabcinmu, mutuniyar Kagoro, ita ke riƙe kuɗin adashin matan gidan, har da na mahaifiyata. Ranar salla ƙwaryar tuwo ta shiga ɗakinsu, ranar Kirsimeti shinkafa ta shigo namu, kuma mijinta yakan kira mahaifina ya yanka musu kajin don mu iya ci. A ƙungiyar ma'aikatan masaƙu, inda Adams Oshiomhole ya taso har ya zama babban sakatare, ba a tambayar alƙiblar mutum kafin a shiga yajin aiki. Albashi ya ba mutum damar ya yi addininsa yadda ya fahimta ba tare da jiran yardar mai gida ba.

A wannan yanayi ne tafsirin Sheikh Abubakar Gumi na masallacin Sultan Bello ya bazu ta Rediyon Kaduna, aka kuma kafa Izala a Jos a 1978. Ana yawan kallon wannan ta fuskar aƙida kaɗai, alhali yana da fuskar aljihu. Ma'aikaci mai ɗan albashi ya samu hujjar rage kashe kuɗi a biki da suna da sadakar mamaci, matar aure ta samu hujjar fita zuwa Islamiyya, saurayi ya samu ƙarfin tambayar malami dalili. Wannan 'yanci ne na gaske. Ya zo kuma da tsadarsa: gidaje sun rabu, an daina bin juna salla, kalmar kafirci ta yi arha. A ɓangaren Kirista ma sababbin coci-coci sun janye matasa daga na iyayensu da wa'azi mai zafi.

Daga nan abubuwa suka zo a jere. Tarzomar Maitatsine ta taɓa Rigasa a 1982, gwamnatin soja ta yi dokar taƙaita wa'azi a 1984. Tsarin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986 ya karya darajar naira, masaƙu suka fara sallamar ma'aikata. Rikicin da ya tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan a Maris 1987 ya kai Kaduna da Zariya. Na Zangon Kataf kuwa, a Fabrairun 1992, a kan sauya wa kasuwa matsuguni ya faro: wa ke da rumfa, wa ke karɓar kuɗin shiga, me aka yarda a sayar. Kafin watan Mayu ya ƙare, rigimar kasuwa ta sa rigar addini ta iso cikin Kaduna.

Ranar 21 ga Fabrairu, 2000, ce ta raba garin. Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a Oktoban 1999, majalisar dokokin Kaduna ta fara duba batun. Musulmi suna cewa 'yancin addininsu bai cika ba sai an yi musu hukunci da shi. Kiristoci suna cewa dokar za ta taɓa shagunansu da suturar 'ya'yansu da matsayinsu a jiha. Kowa da sunan 'yanci ya fito titi. Hukumar binciken da gwamnatin jiha ta kafa ta ƙirga mutum 1,295 da suka mutu, wasu masu bincike kuma sun ce adadin ya haura 2,000. Mu a bariki muka kwana uku. Bayan ƙura ta lafa, mahaifina ya yi musayar ɗan gidan da ya gina da na wani Kirista da ke Tudun Wada. A tsaye suka yi cinikin, a bakin titi, kowa ya miƙa wa ɗan'uwansa makulli da takarda. Mutumin ya ce, "Malam, akwai mangwaro a tsakar gida, don Allah kada a sare." Ba a sare ba. Mahaifiyata ta rasa masu sayen man gyaɗarta na shekara ashirin a rana ɗaya.

Gwamna Ahmed Maƙarfi ya samo mafita a 2001: kotunan shari'a ga Musulmi, na gargajiya ga masu bin al'ada, na majistare ga kowa, ga kuma sababbin masarautu a kudu. Na ɗauki wannan a matsayin hikima. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda a da suka yaƙi juna, sun taimaka aka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya a Agustan 2002. Wata uku bayan nan rikicin gasar sarauniyar kyau ya ci rayuka sama da 200. KTL ta rufe a wannan shekara, UNTL ta tsaya a 2007, rikicin bayan zaɓen 2011 ya ƙarasa kwashe waɗanda suka yi taurin kai suka zauna. Wurin da ke haɗa mutane kullum ya mutu daidai lokacin da aka fi bukatarsa.

Abubuwa biyu na baya-bayan nan sun tsaya mini a rai. Na farko bankin da ba ya ta'ammali da kuɗin ruwa. Lokacin da Babban Banki ƙarƙashin Sanusi Lamiɗo Sanusi ya fitar da ƙa'idojinsa a 2011, an yi ta cewa shirin musuluntar da ƙasa ne. Bankin Jaiz ya buɗe a 2012, Kaduna na cikin rassansa uku na farko. Ɗan kasuwar da ke ɓoye kuɗi a gida don gudun riba ya samu ƙofa, ba a kuma rufe wa kowa tasa ba. Na biyu ƙudirin dokar lasisin wa'azi da gwamnatin Nasir El-Rufai ta kai majalisa a 2016. Fastoci da malamai da dama, waɗanda ba su cika haɗuwa a kan komai ba, sun haɗu a kan tsoron ranar da gwamnati za ta zaɓi wanda zai hau mumbari. Gwamnati tana da hujja, don wa'azi ya sha kunna wuta a jihar nan. Amma hannun da ya nemi tantance mai wa'azi shi ne ya hana talla a titi, ya rushe Kasuwar Bacci a 2020, kuma masu rumfunan da suka rasa wurin zama akwai masu zuwa Juma'a, akwai masu zuwa coci ran Lahadi.

Ƙanena dai a Tudun Wada, a arewacin kogin, ya kama shago, a kan kuɗin da ya kusa ninka na wancan. Kayan gyara yana sayensu ne a wajen wani Ibo a kasuwar Sheikh Gumi, wanda ke ba shi bashi ba tare da takarda ba. Da rana kasuwar tana nan yadda Kakuri take a da, kowane yare kana ji. Da la'asar sakaliya sai a ja ƙofofi, 'yan kamasho suna kiran Sabo da Television a gefe ɗaya, suna kiran Kawo da Rigasa a ɗaya gefen.