Gidan Imdad Khan, Makaɗan Sitar na Etawah

Gidan Imdad Khan, wanda ake kira Imdadkhani gharana ko Etawah gharana, zuri'a ce ta makaɗan sitar da surbahar a arewacin Indiya, kiɗan gado ne, uba ya koya ma ɗa, ɗa ya koya ma nashi ɗan. Asalinsu garin Etawah ne a jihar Uttar Pradesh. Ita sitar abin kiɗa ce mai dogon wuya da tsirkiyoyi da yawa, gindinta na duma ne, surbahar kuma ta fi ta girma da kaurin murya.

Sunan gidan daga Ustad Imdad Khan (1848-1920) ya samo, ya yi kiɗa a fadar Indore, kuma shi ne makaɗin sitar na farko da aka ɗauki kiɗansa a faifai, a 1904. 'Ya'yansa Enayat Khan da Wahid Khan suka gaje shi.

Abin da ya bambanta su da sauran gidaje shi ne salon gayaki ang, wato sa sitar ta yi kamar mutum ne ke rera waƙa. Makaɗi zai buga tsirkiya sau ɗaya sai ya ja ta gefe da yatsa, sautin ya riƙa hawa yana sauka ba yankewa, meend suke ce ma wannan jan, kuma gaskiya nan ne daɗin kiɗan nasu yake. Wanda ya kai salon ƙololuwa shi ne Vilayat Khan (1928-2004), ɗan Enayat. Babansa ya rasu a 1938 yana yaro, sai baffansa Wahid ya ci gaba da koya masa kiɗa, dangin mahaifiyarsa kuma mawaƙa ne, a wajensu ya sha waƙa, shi ya sa ta shiga hannunsa. Har tsirkiya ɗaya ya cire ma sitar ya canza ɗaurinta don ta dace da salon. Shi ya yi kiɗan fim ɗin Jalsaghar na Satyajit Ray a 1958.

Vilayat mutum ne fa mai kafiya, gwamnatin Indiya ta ba shi lambar yabo ta Padma Shri a 1964, Padma Bhushan a 1968, Padma Vibhushan a 2000, duk ya ƙi karɓa. Ƙanensa Imrat Khan, gwanin surbahar da ya zauna a St. Louis a Amurka, shi ma ya ƙi Padma Shri a 2017, shekara ɗaya kafin rasuwarsa.

Yanzu masu riƙe da gidan sun haɗa da Shujaat Khan ɗan Vilayat, Nishat da Irshad 'ya'yan Imrat, sai Shahid Parvez jikan Wahid Khan.