Zafin ruwa da girman kifi: daga Kogin Kolorado zuwa Galma

Tun da hunturu ya kankama nake shan tambayoyi daga matasan da suka kafa tankin tamfol a bayan gida, a Samaru da Tudun Wada, nan Zariya. Kukansu ɗaya ne: kifi ya daina ci, ya tsaya cak ba ya girma. Na tattara tambayoyin, na haɗa da labarin wani kifin kogi da sanyin ruwa ya kusa ƙarar da irinsa, domin ciwon ɗaya ne.

Me ya haɗa girman kifi da zafin ruwa? Ba abinci ne ke sa girma ba?

Abinci ne, amma sai jiki ya iya sarrafa shi. Ni da kai jikinmu yana riƙe zafinsa a wajen digiri 37, ko ana hunturu ko ana bazara. Kifi bai samu wannan gatan ba, zafin ruwan da yake ciki shi ne zafin jikinsa. Bugun zuciya, narkar da abinci, gina tsoka, duk da ruwan suke tafiya. Idan zafin ruwa ya ƙaru da digiri 10, aikin cikin jikin kifi yakan kusan ninkawa biyu. Idan ya sauka haka, komai sai ya yi sanyi.

Ranar nan da sassafe na tsaya a bakin tankin wani maƙwabcina. Ya watsa abinci, ƙwayoyin suka yi ta yawo a saman ruwa har suka jiƙe, babu tarwaɗar da ta ɗago kai. Na tsoma hannu, ruwan kamar na sabuwar randa. Wannan tankin a watan Afrilu, kafin abinci ya gama sauka sun jiƙa masa riga da fantsama.

Ke nan ƙarin zafi shi ne ƙarin girma?

A'a, akwai iyaka. Ruwa mai zafi ba ya riƙe iskar oksijin da yawa. A digiri 20, lita ɗaya na iya ɗaukar kusan miligiram 9. A digiri 30 ya sauka zuwa wajen 7 da rabi. Kuma a daidai lokacin ne jikin kifin yake ƙara buƙatar iskar. Sai abincin da ya ci ya tafi wajen neman tsira, tsoka ba ta samu komai ba.

Kowane kifi da inda ya fi jin daɗi. Tarwaɗa ta fi girma tsakanin digiri 28 zuwa 30, kuma tana da dabarar ɗagowa sama ta shaƙi iska, shi ya sa take jure ruwan da zai kashe waninta. Karfasa takan rage ci da zarar ruwa ya sauka ƙasa da 20. Wani abin mamaki ma, idan 'ya'yanta suka yi makonninsu na farko a ruwa mai zafin digiri 36, yawancinsu maza suke zama.

Wane kifi ne sanyi ya kusa ƙarar da shi?

Yana Kogin Kolorado ne a Amurka, sunansa a can humpback chub, saboda tozon da ke bayan kansa kamar na bijimi. Babu inda ake samunsa a duniya sai a wannan kogin da rassansa, kuma yakan yi shekara talatin ko fiye a raye. Asalin kogin ja ne da laka, a lokacin sanyi ya kusa daskarewa, a lokacin zafi ya doshi digiri 30. Da wannan ɗumin kifin ya saba yin ƙwai.

A 1963 aka datse kogin da madatsar Glen Canyon a jihar Arizona. Tafki mai zurfi ya taru, kuma ruwan da ake saki daga can ƙasan tafkin yake fitowa, inda rana ba ta kaiwa. Sai kogin ya koma mai sanyin digiri 8 zuwa 10, rani da damina. Shi kuwa kifin nan yana buƙatar wajen digiri 16 kafin ƙwansa ya ƙyanƙyashe da kyau, kuma ƙasa da 12 girmansa kusan tsayawa yake. A 1967 aka sa shi cikin jerin halittun da ke gab da ƙarewa.

Abin da ya fi taɓa mini rai shi ne yadda sanyin yake kisa a hankali. Ɗan kifin da ba ya girma yana daɗewa a ƙanƙane, yana daɗewa daidai bakin manya. Ga shi an zuba wa kogin baƙin kifaye masu son sanyi domin masu kamun fatsa, su kuwa suka mayar da 'ya'yan mai tozo abincinsu. Da ba don wani reshe mai ɗumi da ake kira Ƙaramin Kolorado ba, inda suka ci gaba da haihuwa, da wataƙila a ƙasan madatsar sai dai a gan su a hoto.

Yaya yake ciki yanzu?

Fari na shekaru ya rage tafkin, ruwan da ke fita ya yi ɗumi, mai tozo ya yaɗu a yammacin Grand Canyon, babban kwazazzabon da kogin ke ratsawa a ƙasan madatsar. A 2021 aka sassauta matsayinsa daga gab da ƙarewa zuwa mai fuskantar barazana. Sai dai ɗumin ya buɗe ƙofa ga wani baƙon kifi mai farauta, wanda aka tarar yana haihuwa a ƙasan madatsar a 2022. Har ta kai a 2024 an koma sakin ruwan sanyi da gangan don a hana shi ƙyanƙyasa.

Mu a Zariya ina ruwanmu da wannan?

Mu a kogunanmu matsalar ta fi karkata ga zafi. Ka je bakin Galma wajen Dakace a watan Maris: injinan ban-ruwa na ta ruri, kogi ya tsuke ya zama gurabu, ga rana mai kusan digiri 40. Ruwa mara zurfi nan da nan yake zafi. Bishiyoyin gaɓa da ke yi masa inuwa an sare da yawa, zaizayar ƙasa kuma na cike rafin Kubanni da madatsarsa da yashi da laka. Ba na ɗora wa mai noman rani laifi, abincin iyalinsa yake nema. Amma gurbi mai zurfi da inuwar gaɓa su ne maɓoyar ragon ruwa da ƙurungu har damina ta sauka, kuma ina ganin ya kamata masunta da manoma da sarakunan ruwa su ware wasu gurabun da ba za a zuƙe ba, ba za a taɓa bishiyoyinsu ba.

To mai tanki fa, me zai yi?

Ya sayi ma'aunin zafi, ya riƙa aunawa da asuba da kuma bayan azahar. Da hunturu ya rage abinci, ya bari sai rana ta ɗaga, domin wanda ba a ci ba ruɓewa yake ya ɓata ruwa. Da dare ya rufe tankin da leda amma ya bar kafar iska. Ruwan burtsatse da aka jawo yanzu ya fi wanda ya kwana a tanki ɗumi. Da bazara ya yi rumfa, ya rage cunkoso, ya leƙa kifinsa kafin fitowar rana, lokacin da iskar cikin ruwa ta fi ƙaranci. Idan zai sauya ruwa ya yi kaɗan-kaɗan, musamman ga 'ya'yan kifi, don sauyin zafi farat ɗaya yana kashe su.