Tayar da injin tsohuwar mota a kan teburin gwaji

Teburin gwajin inji wani firam ne na ƙarfe da ake ɗora inji a kai bayan an ciro shi daga mota, a haɗa masa duk abin da yake buƙata ya tashi, wato batir da fetur da lagireto da salansa da geji, sannan a tayar da shi a fili ana ganinsa ta kowane ɓangare. Masu farfaɗo da tsofaffin motoci su suka fi amfani da shi, musamman bayan an warware inji an sake haɗa shi, kuma dalilin a bayyane yake, in ka mayar da inji cikin motar da aka kwashe watanni ana mata walda da fenti sannan ka ga baƙin mai yana ɗiga ta bayan kiranshaf, toh sai an sake sauke komai, kuma da wuya a gama ba a karci fentin ba.

Ba ɗaya yake da ƙarfen da ake rataye inji a kai lokacin haɗawa ba, wanda ke riƙe bulok ta baya kawai ana juya shi sama da ƙasa. Wancan ba a tayar da inji a kansa, yana iya kifewa. Haka kuma ba ɗaya yake da na'urar daino mai auna ƙarfin inji ba, za a zo kanta a gaba.

Game da wace mota ce tsohuwa, a Ingila masu tsaurin lissafi motocin 1919 zuwa 1930 suke sa wa a wannan aji, ita kuwa FIVA, ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta duniya, duk motar da ta kai shekara 30 tana iya shiga cikin motocin tarihi a wajenta. A aikace dai ana nufin injin da ke aiki da kafireto da distiributa, babu kwamfuta a jikinsa, kuma wannan ne ma ya sa tayar da shi a waje ke da sauƙi, wayoyi ƙalilan sun ishe shi.

Abin da ake haɗawa

Firam ɗin dole ya zama mai faɗi da nauyi daga ƙasa, saboda duk sanda aka ba inji wuta yana murɗawa gefe, in ƙafafun masu taya ne sai an kulle su. Ana ɗaure injin a wuraren da yake zama a mota, da robobinsa, a baya kuma a sa masa fulayiwil da murfin da ke haɗa shi da giya, domin a injuna da yawa a jikin wannan murfin sitata take zama. Injin Volkswagen Beetle misali ne, sitatarsa a jikin giya take, don haka masu gwada shi sukan yanko bakin tsohuwar giya su ɗaura a teburin. Shi ba ya buƙatar lagireto tunda iska ke sanyaya shi, amma fa dole fankarsa da fambel da duk gwangwanayen da ke bi da iska kan silinda su kasance a wurinsu, in ba haka ba cikin ɗan lokaci zai ƙone.

Sauran injuna ana sa musu lagireto a gaba, kuma da yake babu iskar tafiya, sai an ƙara da babbar fanka tana hura shi. Tankin fetur ƙarami ake sa wa, nesa da salansa. Kafireto ƙarfin turi kaɗan take so, galibi tsakanin psi 2 zuwa 6 (psi ma'aunin ƙarfin matsi ne), famfon fetur na motocin zamani zai cika ta ne ta riƙa ambaliya. A kan allo kuma akwai makulli da gejin baƙin mai da na zafi da na gudun inji, gejin man nan shi ne ba a wasa da shi, gara a sa mai allura da ke karanta man kai tsaye ta siririn bututu.

Wutar lantarki wuri ne da ake yawan tafka ɓarna. Tsofaffin motoci da yawa bolt 6 ne, Beetle sai wajen 1967 ta koma 12, Ford a Amurka kuma 1956, kuma kafin nan ƙafar batir mai alamar tarawa ce ke zuwa jikin bodi a motocin Ford da na Ingila da dama, akasin yadda aka saba yau. Wanda bai duba wannan ba yana iya ƙona kwayil ko na'urar caji tun inji bai yi tari ba.

Kafin a murɗa makulli

Ba a tayar da sabon haɗi a bushe. Ana zuba baƙin mai, sannan a injuna irin V8 ɗin Chevrolet da ya fito a 1955 sai a zare distiributa a zura sanda a ramin a juya famfon mai da na'urar huda, har gejin ya tashi kuma a ga mai ya ɓullo a sama wajen bawul. Inda ba a iya haka, ana cire fulogi a juya injin da sitata har allura ta motsa. Ford Model T, wadda aka ƙera daga 1908 zuwa 1927, ita ba ta da famfon mai kwata-kwata, fantsala man take yi, fulayiwil ya ɗebo ya watsa, don haka babu abin da geji zai nuna, sai dai a tabbatar man ya kai ma'auni ta 'yan famfunan da ke jikin kwanon. Famfon ruwa ma babu a yawancinsu, ruwan zafi ne ke hawa sama da kansa mai sanyi ya sauko.

Daga nan sai saitin wuta. A kawo fistin na ɗaya sama a bugun matsi, a saita distiributa, a duba tazarar kwantak, a bi wayoyin fulogi ɗaya bayan ɗaya bisa tsarin injin, na Chevrolet ɗin nan 1-8-4-3-6-5-7-2 ne. A cika kofin kafireto da fetur. Burin shi ne inji ya kama da wuri, domin dogon nika da sitata yana share man shafawa da aka laƙaba wa kamshaf, sandar da ke buɗe bawul, lokacin haɗawa. Kuma in inji bai tashi ba a kashe makulli, barin sa a kunne yana ƙona kwantak da kwayil.

Injunan da ake tayarwa da hannu suna da nasu ladabin, a ja wutar baya tukuna, a riƙe handul ba tare da babban yatsa ya zagaye shi ba, a ja sama. In ya yi baya da mutum yana karya hannu, irin wannan ne ya sa sitatar lantarki da Cadillac ta fito da ita a 1912 ta samu karɓuwa da sauri.

Mintuna 20 na farko

Nan ne ainihin amfanin teburin yake. Yawancin tsofaffin injuna kamshaf ɗinsu yana goga ne kai tsaye a kan tafet mai shafaffen ƙasa, wato ɗan ƙarfen da kamshaf ke turawa don bawul ya buɗe, ƙarfe kan ƙarfe, kuma man da ke isa wurin mafi yawansa wanda kiranshaf ke watsowa ne. In sabon kamshaf ne da sabbin tafet, da zarar inji ya kama ba a barin sa a silo, wato gudunsa mafi ƙanƙanta, ana ɗaga shi zuwa juyi 2000 zuwa 2500 a minti a riƙe shi a nan minti 20 zuwa 30 ana ɗan hawa ana sauka, don man ya wadata kuma kowane tafet ya riƙa juyawa a raminsa har fuskokin biyu su saba da juna. In wannan bai yiwu ba ƙusumbin kamshaf yakan cinye, garin ƙarfen ya bi mai ya zagaye injin gaba ɗaya, shi kenan sai a sake warwarewa. Shi ya sa a injuna masu sifirin biyu (naɗaɗɗiyar wayar ƙarfe da ke rufe bawul) a kowane bawul wasu ke cire na cikin har a gama wannan zagaye.

Baƙin man ma ba kowane ba. Akwai sinadarin ZDDP mai zink da ke kare irin wannan gogayya, an rage shi a man motocin zamani saboda yana lalata matatar hayaƙi da ke cikin salansa, don haka ana neman man da aka yi musamman don sabon haɗi ko mai yawan zink. Gaskiya wannan ba wurin tsimi ba ne. Fetur ma ya canza, mai dalma da aka fara sayarwa a 1923 ya ƙare a gidajen man motoci na duniya a 2021, dalmar nan tana kare mazaunin bawul, shi ya sa masu gyara ke sa mazauni mai tauri. Wanda aka gauraya da itanol kuma yana cin tsofaffin robobi da tiyo.

Aiki ne na mutum biyu aƙalla, ɗaya idonsa a kan geji hannunsa kusa da makulli, ɗaya yana zagayawa da tocila. In daƙiƙu kaɗan suka wuce allurar mai ba ta tashi ba a kashe nan take. Makanikai suna da wani ƙiyasi na psi 10 ga kowane juyi 1000, ba doka ba ce amma tana taimakawa. Mai zagayawa shi zai ga ɗigon ruwa a bakin gasket, ko ɗan kumfa a gindin noti, ko bututun hayaƙi ya fara ja kamar garwashi, wanda ke nuna wuta ta makara ko fetur ya yi ƙaranci. Hayaƙin fenti da man da ya zuba a jiki ba komai ba ne, zai wuce. Shuɗin hayaƙi daga salansa mai ne ke ƙonewa, baƙi fetur ya yi yawa, fari mai kauri da ba ya yankewa kuma ruwa ne ke shiga silinda, in aka zaro sandar mai aka ga ya yi fari-fari an tabbatar. V8 ɗin Ford na 1932 zuwa 1953 a sa masa ido sosai wajen zafi, hanyoyin hayaƙinsa ta cikin bulok suke bi, famfon ruwa biyu gare shi amma duk da haka yana saurin ɗaukar zafi.

Bayan an gama sai a sauke shi silo a gyara kafireto da wuta, gejin zuƙar iska a lafiyayyen inji yakan tsaya cak tsakanin inci 17 zuwa 21. A zubar da man a duba shi, a yanka filta in akwai a ga ko da ƙyallin ƙarfe, in ya huce a sake ɗaure notocin kan silinda bisa tsari a sake saita bawul.

Abin da teburin ba ya iyawa

Inji a kan tebur ba ya jan komai. Zobban fistin kuwa sai da matsin kaya suke zama daidai a jikin silinda, don haka wanda ya ji daɗin ƙarar ya bar inji yana silo awa da awanni yana iya sa bangon silinda ya yi santsi, injin ya riƙa shan mai daga baya. Da an gama saba kamshaf an toshe ɗigo, wurinsa mota ne ko daino.

Daino ita ke ɗora wa inji kaya ta auna. Gaspard de Prony na Faransa ya fito da mai birki a 1821, William Froude na Ingila ya yi mai aiki da ruwa a 1877, kuma irin ta ruwan har yau ana amfani da ita. Alƙaluman ƙarfin doki na motocin Amurka kafin 1972 ma a irin wannan gwaji aka samo su, inji tsirara babu matatar iska babu cikakkiyar salansa, shi ya sa suka fi abin da injin ke bayarwa a cikin mota.

Haɗari

Hayaƙin tsohon inji cike yake da iskar kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum a rufaffen gareji cikin mintuna, buɗe ƙofa kaɗai ba ya wadatarwa, a fitar da teburin waje ko a ja hayaƙin da bututu. Kafireto tana iya tofo wuta, don haka ba a leƙa ta, ba a zuba mata fetur daga gora ana nika, kuma tukunyar kashe gobara ta kasance a kusa. Fanka da fambel da fulayiwil duk a buɗe suke, riga mai faɗi ko tsumma a hannu ba su da wuri a nan, kuma kada kowa ya tsaya daidai saitin fanka, tsohuwar fanka da ta tsage tana iya wurgo reshe. Murfin lagireto kuma sai inji ya huce ake taɓa shi.