Me ake nufi da satar bayanan sirri?

Satar bayanan sirri ita ce wani ya mallaki abubuwan da banki ke gane ka da su, ya yi sojan gona da sunanka, ya yashe asusunka ko ya ci bashi a bar ka da biya. A Najeriya abubuwan su ne BVN, lambar nan mai alƙaluma 11 da Babban Banki (CBN) ya ɓullo da ita a 2014, da NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, da lambobin katin ATM, sai OTP, lambar sirri ta amfani sau ɗaya da ake turowa ta waya.

Inda gizo ke saƙar shi ne layin waya. Sau da yawa wanda ya fizge maka waya a kasuwa ko cikin adaidaita sahu ba ita ce ta dame shi ba, sim yake so. Zai zare shi ya zura a 'yar ƙaramar waya, ya danna *565*0#, sai ga BVN ɗinka. Alat ɗin da ya shigo zai faɗa masa bankinka, duk OTP kuma a hannunsa zai sauka. Sanya wa sim PIN aikin minti biyu ne, amma mutane sun fi damuwa da kulle fuskar waya, wanda bai hana a cire layi ba.

Akwai kuma masu kira da murya mai daɗi, wai daga banki, za a rufe asusunka in ba ka karanto lambar da aka turo ba. Banki ba ya tambayar PIN ko OTP. Kashe wayarka kawai.

Idan abin ya riga ya faru, fara da toshe asusu kafin zuwa ofishin 'yan sanda. Bankuna da yawa suna da lambar USSD da ake toshewa da ita daga wayar kowa, sai ka rubuta ta bankinka a takarda tun yau. Bayan nan a rufe layin, ka je da NIN a sabunta maka shi, ka canja duk lambobin sirri. Kai ƙorafi banki a rubuce, ka karɓi shaidar sun karɓa. In mako biyu ya wuce shiru, sai sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na CBN.

Abin da aka fi mantawa shi ne bashi. Ana iya karɓar rance ta manhaja da sunanka, ba ka da labari sai an fara kira. Dokar rahoton bashi ta 2017 ta ba ka damar karɓar rahoton bashinka kyauta sau ɗaya a shekara daga kamfanonin adana bayanan bashi irin su CRC da FirstCentral. Duba shi, in ka ga bashin da ba ka ci ba, ka ƙalubalance shi a rubuce.